Yadda ake tafiyar da manyan ayyukan lissafi a injunan gida da na gajimare

Duk cibiyar da ta tara injuna masu yawa don su yi lissafi mai nauyi tare, ko hasashen yanayi ne da WRF, ko kwaikwayon motsin ƙwayoyin sinadarai da GROMACS, ko nazarin yadda iska ke ratsa fiffiken jirgi da OpenFOAM, wata rana layi zai yi tsawo, masu bincike su fara ƙorafi, a zauna ana tambaya: mu ƙara sayen injuna ne, ko mu kwashe aikin mu kai gajimare? A ganina an yi gaggawar wannan tambaya. Ba cibiya gaba ɗaya ake yanke wa wannan hukunci ba. Kowane aiki da nasa hukuncin, kuma ba a yanke shi sai an auna aikin.

A wannan jagora, garke shi ne tarin injunan da aka haɗa da hanyar sadarwa mai sauri, suna aiki ƙarƙashin manhaja ɗaya mai rabon aiki. Gida shi ne ɗakin injunan da cibiyarku ta mallaka. Gajimare kuma injunan haya ne na kamfanoni irin su AWS da Microsoft Azure da Google Cloud, inda ake biya gwargwadon lokacin da inji ya yi a kunne. Zan yi misalai da Slurm, manhajar rabon aiki, wanda aka fara rubutawa a ɗakin bincike na Lawrence Livermore a Amurka a farkon shekarun 2000, domin shi ya fi yaɗuwa. Mai amfani da PBS ko LSF ko HTCondor zai tarar da makamancin kowane umarni a nasa tsarin.

Mataki na 1: Karanta kundin ayyukan da suka wuce

Muddin an kunna slurmdbd, wato sashen Slurm mai ajiye kundin ayyuka, duk aikin da aka taɓa turawa yana rubuce. Ciro na wata shida ko shekara guda:

```
sacct -a -S 2025-01-01 -E 2025-06-30 \
 --format=JobID,User,Partition,AllocCPUS,ReqMem,MaxRSS,Timelimit,Elapsed,TotalCPU,Eligible,Start,State
```

Kada ka sa -X idan kana son ganin MaxRSS, domin wannan adadi a layukan matakan aiki yake fitowa, ba a layin aikin kansa ba. Da -X sai ka ga gurbin babu komai.

Abu huɗu kake nema. Na farko, tazarar RAM da aka roƙa da wadda aka taɓa da gaske, wato ReqMem da MaxRSS. Na biyu, tazarar lokacin da aka roƙa da wanda aka ci. Na uku, ko ƙwayoyin sarrafawar da aka ware, wato sassan CPU da kowanne ke lissafi da kansa, sun yi aiki kuwa: ka ninka AllocCPUS da Elapsed, ka gwada da TotalCPU. Na huɗu, tsawon jira, kuma a nan ka auna daga Eligible zuwa Start, ba daga lokacin da aka tura aikin ba, saboda aikin da ke jiran wani ya gama ba laifin ƙarancin inji ba ne.

Ga abin da ake yawan gani. Mutum ya roƙi inji guda mai ƙwaya 64, ya tura manhajar da ba ta san raba aiki ba. Idan ka buga seff tare da lambar aikin, sai ya nuna maka ingancin CPU bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ƙwaya ɗaya ce ke ta fama, 63 na zaune, kuma a allon lura injin ya nuna a cike yake. Garken da aka ce ya cika maƙil yana iya zama garken da aka kama wuri a cikinsa kawai. Wanda ya kwashi irin wannan aiki ya kai gajimare zai biya kuɗin ƙwaya 64 a kan aikin ƙwaya ɗaya, kowace awa. A gida ɓarnar ɓoye take, a gajimare kuwa takardar biya ce za ta fallasa ta.

Ka kuma ƙirga ayyukan da suka ƙare da TIMEOUT da OUT_OF_MEMORY da NODE_FAIL. Biyun farko na nuna masu amfani na bukatar koyarwa. Na ƙarshe na nuna injuna ne ba su da lafiya, kuma maganinsa manhaja irin NHC ce, wadda ke duba inji kafin a ba shi aiki, ta cire shi daga layi idan ta ga matsala.

Daga ƙarshe ka zana yawan bukata mako bayan mako. Za ka ga wani ƙasan da ba ya sauka duk shekara, da wasu tsaunuka da ke tashi kafin babban taro ko ƙarshen wa'adin wani bincike. Ka riƙe wannan zane, za mu dawo kansa.

Mataki na 2: Ware ayyukan bisa halinsu

Akwai ayyukan da ba ruwan wani da wani: samfur 500 na ƙwayoyin halitta da kowanne za a bi shi da manhaja iri ɗaya, ko lissafi ɗaya da za a maimaita da lambobi daban-daban. Irin waɗannan da jerin aiki ake tura su, misali --array=1-500%50, wato ayyuka 500 amma kada fiye da 50 su gudana a lokaci guda. Su ne suka fi dacewa da gajimare. Idan inji ɗaya ya faɗi, aiki ɗaya ne ya lalace.

Akwai kuma ayyukan da ke ɗaure da juna, waɗanda aka rubuta da MPI, ƙa'idar musayar saƙo tsakanin injuna da aka fitar da sigarta ta farko a 1994. A nan kowane inji na riƙe da yanki ɗaya na matsalar, kuma bayan kowane ɗan mataki dole ya yi musayar sakamako da maƙwabtansa. Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne jinkirin saƙo. InfiniBand, hanyar sadarwa ta musamman don garke, na isar da ƙaramin saƙo cikin kusan kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa, Ethernet na gama-gari da TCP kuwa yakan ninka haka sau goma ko fiye. Tunda duk injunan na jiran wanda ya fi jinkiri, ƙaramin bambanci ya isa ya durƙusar da aikin. Ana iya yin su a gajimare, amma sai a injunan da aka tanada don haka: jerin HB na Azure mai InfiniBand, ko injunan AWS masu EFA, wato hanyar sadarwarsu mai sauri, kuma sai ka nemi a ajiye maka su kusa da juna a rukuni ɗaya.

Sauran kason uku ne. Masu bukatar GPU, wato katunan da ke yin lissafi mai yawa a lokaci guda, waɗanda samunsu a gajimare ba tabbas ba ne a ranar da kake so. Masu karanta bayanai da yawa su yi lissafi kaɗan, waɗanda ma'ajiya ce ke yanke musu hukunci. Sai masu lasisi: manhajojin kasuwanci da yawa na ƙirga lasisi ta wata saba da ke gida, kuma yarjejeniyar na iya hana amfani da su a wajen harabarku. Ka karanta takardar kafin ka gwada.

Mataki na 3: Gwada yadda aikin ke faɗaɗa

Ɗauki aiki na gaske, ba na wasa ba, ka gudanar da shi a inji 1, 2, 4, 8, 16. A ɗauka ya ci minti 100, 52, 28, 17, 13. Ninka kowanne da yawan injunan don ka ga jimillar mintin inji da za a biya: 100, 104, 112, 136, 208. Daga inji 8 zuwa 16 ka rage minti 4 kacal, amma kuɗin ya haura da fiye da rabi. Gene Amdahl ya bayyana dalilin tun 1967: idan kashi 5 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, ko injuna nawa ka zuba ba zai wuce ninki 20 a sauri ba. Ni dai nakan tsaya inda ingancin, wato lokacin inji ɗaya a raba da wannan jimilla, ke sama da kashi 70 cikin 100, sai fa idan wa'adi ne ya matsa, kamar hasashen yanayin gobe da ba shi da amfani idan ya fito jibi.

Ka maimaita gwajin nan a gajimare, ka kuma kula da wani tarko. A yawancin injunan haya, abin da ake kira vCPU zare ɗaya ne, wato layin aiki ɗaya, daga cikin biyun da ƙwaya ke ɗauka, don haka inji mai vCPU 64 na iya zama mai ƙwaya 32 ta gaske. Injunan da aka keɓe don manyan lissafi galibi a kashe wannan tsari yake. Buga lscpu ka gani da idonka. Idan sakamako ya ba ka mamaki, ƙananan gwaje-gwaje za su nuna maka inda matsalar take: STREAM don saurin RAM, gwajin OSU don hanyar sadarwa, IOR don ma'ajiya.

Mataki na 4: Fitar da farashin awa ɗaya a gida

Mutane da yawa na ɗaukar injin gida kamar kyauta tunda an riga an saya. Haɗa kuɗin sayen injuna a raba shi kan shekarun da za su yi, galibi biyar, da wutar lantarki, da sanyaya ɗaki, da kwangilar gyara, da albashin masu kula. Wutar ba ƙaramin abu ba ce yanzu: katin GPU na H100 ɗaya na iya jan wat 700, inji mai irinsa takwas na kaiwa kusan kilowat 10, kuma duk zafin nan sai an fitar da shi.

Sai ka raba jimillar da awannin da aka yi aiki da gaske. Inji mai ƙwaya 64 na da awar ƙwaya 560,640 a shekara, wato 64 sau 8,760. Idan yana aiki kashi 80 cikin 100 na lokaci, ka amfana da 448,512. Idan kashi 30 ne, 168,192 kawai, kuma kowace awa ta ninka tsada fiye da sau biyu da rabi alhali kuɗin da kuka kashe bai canja ba.

Yanzu koma kan zanen mataki na farko. Ƙasan nan da ba ya sauka, injin gida ne ya fi dacewa da shi, domin zai kasance cikin aiki dare da rana. Tsaunukan kuwa, sayen inji dominsu na nufin ajiye ƙarfe da zai yi wata tara yana jira. Su ake kai wa gajimare. Haka ma injin da ake bukata jefi-jefi, kamar mai RAM terabait 2 da ake nema sau uku a shekara.

Mataki na 5: Gyara layin gida tukuna

Kafin a kashe kuɗi a waje, a tabbata an tatsi abin da ke gida.

Kunna cike gurbi da SchedulerType=sched/backfill. Idan babban aiki na jiran inji 20 su taru nan da awa uku, mai rabon aiki zai cusa ƙananan ayyukan da za su gama kafin lokacin a injunan da suka riga suka zama babu aiki a kansu. Amma dabarar ta dogara kacokan kan lokacin da mutane ke roƙa. Wanda ya roƙi kwana bakwai don aikin minti 40 ya hana kansa shiga gurbi. Ka gaya wa masu amfani wannan ƙarara: roƙon lokaci na gaskiya, da ɗan ƙari kaɗan, shi ke sa aikinka ya fara da wuri. Wannan bayani ya fi kowace doka tasiri a kansu.

Kunna rabon adalci da priority/multifactor, ta yadda rukunin da ya ci da yawa a kwanakin baya zai ɗan ja baya a layi. PriorityDecayHalfLife ne ke faɗin yadda ake mance tsohon ci, kuma a asali kwana bakwai ne. Kunna cgroup, tsarin Linux mai kange kowane aiki a kasonsa, da ConstrainRAMSpace=yes da ConstrainCores=yes, don kada aikin da ya wuce iyakarsa ya kashe na maƙwabcinsa a inji ɗaya. Ka ware ƙaramin sashe na gwaji mai iyakar rabin awa, domin mutane su daina gwada manhaja a injin da kowa ke shiga garken ta cikinsa.

Ba abin mamaki ba ne a gama waɗannan gyare-gyare a ga layin ya ragu sosai ba tare da an ƙara inji ko ɗaya ba.

Mataki na 6: Manhaja iri ɗaya a wurare biyu

Aikin da ke gudana a gida ya ƙi gudana a gajimare, sau da yawa ba injin ne matsala ba, muhallin manhajar ne. Hanya biyu ce. Ko dai ka gina manhajoji da Spack ko EasyBuild, waɗanda ke rubuta ainihin siga da zaɓuɓɓukan kowane gini, ka miƙa su ga masu amfani ta Lmod. Ko kuma ka naɗe komai a kwantena, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take bukata. A wannan fage Apptainer ake amfani da shi, wanda ya fara da sunan Singularity a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a 2015, ya koma ƙarƙashin Linux Foundation a 2021. Ya fi Docker dacewa da garken da mutane da yawa ke rabawa domin ba ya bukatar cikakken ikon mai kula da inji, wato root, kuma kwantenar fayil ɗaya ce da ake kwafa kamar kowane fayil.

Abu biyu ke cizo a nan. Idan ka gina manhaja da -march=native a injin da ke da AVX-512, wasu umarni da ba kowane CPU ke da su ba, ka kai ta inda babu, za ta mutu nan take da saƙon Illegal instruction. Ka gina wa kowane irin inji nasa, musamman idan za ka taɓa injunan Arm irin su Graviton, waɗanda ba sa gudanar da ginin x86 sam. Na biyu, MPI da ke cikin kwantena dole ya san hanyar sadarwar injin. Idan bai gane ta ba, yana iya komawa TCP shiru, ba kuka ba ƙorafi, aikin na tafiya amma da rarrafe.

Ka kuma sa ran lambobin ƙarshe na sakamako za su ɗan bambanta. Tara lambobi masu ɗigo a kwamfuta na canjawa idan jerin tarawar ya canja, kuma yakan canja idan yawan injuna ko irinsu ya canja. Ku zauna da masu binciken ku amince tun farko kan bambancin da za a karɓa, ku ajiye ƙaramin aikin tantancewa da ake gudanarwa duk lokacin da aka taɓa muhalli.

Mataki na 7: Bayanai

Wannan ne matakin da ya fi rusa shirin mutane, don haka zan daɗe a kansa.

Fara da lissafi mai sauƙi. Terabait 10 gigabit 80,000 ne. A layi mai gigabit 1 a daƙiƙa, ko da kai kaɗai ke kansa, zai ci daƙiƙa 80,000, wato fiye da awa 22. Terabait 100 ya haura kwana tara. Idan aikin da kake son gaggautawa na awa shida ne, ka ga inda maganar ta tsaya. Inji ana kunna shi cikin mintuna, bayanai kuwa nauyi gare su, kuma yawanci lissafi ne ya kamata ya bi su inda suke.

Sannan manyan kamfanonin gajimare ba sa cajin shigar da bayanai, amma suna cajin fitar da su. Aikin da ke karɓar ƙaramin fayil ya fitar da ƙaramin sakamako, ya dace da tafiya. Wanda ke haifar da terabait da yawa, ka shirya a tace sakamakon a can, a dawo da taƙaitaccensa kawai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗaura ma'ajiyar gida a injunan gajimare ta VPN, a ce ai fayilolin duk ga su nan. Ana ganinsu kam, amma kowace buɗewar fayil sai ta yi tafiya ta dawo, kuma injuna 100 da ake biya na zaune suna jira. Tsarin da ya fi aiki mataki uku ne. A tura bayanan shiga ma'ajiyar abubuwa, wato rumbun fayiloli na gajimare irin S3 na AWS, tun kafin a kunna inji, da Globus ko rclone, waɗanda ke tantance cewa fayil ya isa lafiya. A kunna ma'ajiya mai sauri ta wucin gadi, kamar FSx for Lustre, ta ja bayanan daga can. Da aiki ya ƙare a mayar da sakamako ma'ajiyar abubuwa, a rushe mai saurin, domin tana cin kuɗi ko ana amfani da ita ko ba a yi. Manhajojin jera aiki irin su Nextflow da Snakemake na iya ɗauke maka wannan kai-kawo.

A gida ma akwai ladabin ma'ajiya. Tsarin ma'ajiya irin su Lustre da BeeGFS da GPFS an gina su ne don manyan fayiloli da injuna da yawa ke karantawa tare. Ƙananan fayiloli miliyan guda na durƙusar da sabar da ke riƙe sunayen fayiloli, kowa a garken ya ji a jikinsa. Muhallin Python ɗaya na iya ƙunsar dubban ƙananan fayiloli, kuma idan ayyuka 500 suka tashi tare duk sai sun buɗe su. Maganin shi ne a naɗe muhallin a kwantena, a ɗaure ƙananan bayanai da tar, a kwance su a faifan cikin injin lokacin aiki. Babban fayil kuma a shimfiɗa shi kan faifai da yawa da lfs setstripe. Ka rubuta ƙa'idar share wurin aiki na wucin gadi, ka sanar da kowa cewa ba a ajiye kwafinsa, ka riƙa maimaitawa.

Wasu bayanai kuma doka ko yarjejeniya ta hana su fita, kamar bayanan marasa lafiya, ko waɗanda ke ƙarƙashin dokar GDPR ta Tarayyar Turai. Ka san yankin da injunan hayar suke kafin fayil ɗaya ya motsa.

Mataki na 8: Haɗa gajimaren

Siffa biyu ce. Ta farko, garke na biyu mai zaman kansa a gajimare, wanda ake ginawa da AWS ParallelCluster ko Azure CycleCloud ko Cluster Toolkit na Google, da nasa Slurm. Ta biyu, Slurm na gida ne ke kunna injunan haya a matsayin wani sashe nasa:

```
NodeName=gaji-[001-100] CPUs=64 RealMemory=240000 State=CLOUD
PartitionName=gajimare Nodes=gaji-[001-100] MaxTime=24:00:00
ResumeProgram=/opt/slurm/kunna.sh
SuspendProgram=/opt/slurm/kashe.sh
SuspendTime=300
ResumeTimeout=600
```

Idan aiki ya shigo wannan sashe, Slurm zai kira rubutun kunnawa ya haifi injin. Idan injin ya yi daƙiƙa 300 ba aiki, a kashe shi. Siffa ta biyu ta fi daɗi ga masu amfani, layi ɗaya, umarni ɗaya. Amma tana bukatar layin sadarwa mai aminci tsakanin wuraren biyu, da makullin MUNGE iri ɗaya, wanda injunan ke tantance juna da shi, da agogo masu tafiya tare, da lambobin masu amfani da suka dace a ko'ina. Shawarata a fara da ta farko, da rukunin bincike ɗaya da aiki iri ɗaya, a koyi halin wurin, sannan a haɗe.

Ko wacce ka zaɓa, ka rubuta ginin gaba ɗaya a fayil, da Terraform ko Ansible ko fayil ɗin tsarin kayan da ka zaɓa, ka ajiye a Git. Garken da aka gina da danne-danne a shafin intanet ba mai iya sake gina shi daidai.

Ka nemi ƙarin ƙayyadadden kason injuna tun da wuri. Sabon asusu iyakarsa ƙarama ce, amincewa da ƙari na iya ɗaukar kwanaki, kuma ko an amince ba alkawari ba ne cewa injunan na nan a ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 9: Injuna masu rahusa da yada zango

Kamfanonin na sayar da rarar injunansu da sunan Spot, a rahusar da a AWS kan kai kashi 90 cikin 100, bisa sharaɗin za su iya karɓe injin a kowane lokaci. AWS na ba da gargaɗin minti 2, Azure da Google kusan daƙiƙa 30. Ga ayyukan da ba ruwan wani da wani wannan garaɓasa ce: sa --requeue, aikin da aka katse ya koma layi. Ga aikin MPI mai inji 50 kuwa, karɓe inji ɗaya ya kashe duka, don haka ban ba da shawarar a kai shi can ba sai ya iya yada zango.

Yada zango shi ne aikin ya riƙa rubuta halin da yake ciki a faifai, don ya tashi daga nan idan an katse shi. GROMACS da WRF da LAMMPS duk suna da wannan a cikinsu. Kowane minti nawa za a yi? Akwai ƙiyasin da Young ya fitar a 1974, Daly ya inganta a 2006: ninka lokacin rubuta zango sau biyu, ka ninka da matsakaicin tazarar katsewa, ka ɗauki tushen murabba'i. Idan rubutun na cin minti 5, katsewa kuma na zuwa kusan kowace awa 10, wato minti 600, to 2 sau 5 sau 600 ya ba da 6,000, tushensa kusan minti 77. Ka tuna yawan injuna na gajarta tazarar katsewa, domin ko wanne ya faɗi aikin ya tsaya.

A gida, --signal=B:USR1@120 zai sa Slurm ya taɓa rubutun aikinka daƙiƙa 120 kafin lokacinsa ya ƙare, ya samu ya ajiye zango. Wannan bai shafi karɓe injin Spot ba. Shi gargaɗinsa daga kamfanin yake zuwa, sai ka sa ƙaramar manhaja a injin tana sauraro. Kuma ka gwada tashi daga zango da gangan: kashe aikin a tsakiya, tashe shi, gwada sakamakon da na wanda ba a katse ba.

Mataki na 10: Linzami a kan kuɗi da ƙofa

A gida layi ne ke taka wa mutane birki. A gajimare ba layi, don haka kuskuren rubutu ɗaya a jerin aiki na iya kunna injuna ɗaruruwa. Faɗakarwar kasafi da kamfanonin ke bayarwa saƙo kawai take aikowa, ba ta kashe inji sai ka haɗa mata hakan da kanka, kuma lissafin kuɗin na zuwa a makare da awanni. Saboda haka a cikin Slurm za ka sa iyakar. Yawan injunan da ka rubuta a NodeName shi ne rufin farko. Sai ka ba kowane rukuni kasonsa da GrpTRESMins, misali cpu=600000, wato awar ƙwaya 10,000, a kan QOS, wato ajin ayyuka a Slurm, mai alamar NoDecay don kada kason ya riƙa sabunta kansa. TRESBillingWeights zai sa awar GPU ta fi ta CPU nauyi a lissafi. Ka liƙa wa kowane inji da faifai alamar rukunin da ya kunna shi.

Ta fuskar tsaro, a watan Mayu na 2020 an kutsa cikin manyan kwamfutoci da dama a Turai, har da ARCHER da ke Edinburgh a lokacin, ta hanyar satar bayanan SSH, wato na shiga inji daga nesa, aka rufe su na kwanaki. Ka tilasta tantancewa mai mataki biyu, ka hana makullin SSH marar kalmar sirri, kada injunan lissafi su sami adireshin da ake gani daga intanet, kuma kada makullin asusun gajimare ya kwana a cikin rubutun aiki.

Mataki na 11: Zaman duba na wata-wata

Prometheus da Grafana za su nuna maka lafiyar injuna a kowane lokaci, Open XDMoD kuma ya tattara maka amfani na dogon zango. Sau ɗaya a wata ka sake ciro kundin mataki na farko, wannan karon na wuraren biyu. Ka fitar da mutum goma da suka fi cin awanni, ka duba ingancin ayyukansu, ka zauna da waɗanda nasu ya yi ƙasa. Ka duba ko akwai aikin da aka kai gajimare a matsayin na ɗan lokaci amma ya yi wata uku yana gudana kullum: wannan ya zama ƙasan bukata, a yi masa lissafin mataki na 4, ko dai a saya masa inji ko a ɗauki alkawarin haya na shekara 1 ko 3 mai rahusa. Sannan ka bi asusun gajimare yanki bayan yanki kana neman abin da aka manta a kunne: faifan da ba ya jikin kowane inji, tsofaffin hotunan faifai, ma'ajiya mai sauri da aikinta ya ƙare, da injin da rubutun kashewa ya kasa kashewa alhali Slurm na nuna shi a kashe.